Ranar da Na Ce 'Yar Unguwarmu Ce

Fiye da shekara ashirin na yi ina koyar da ajin ƙarshe na firamare a Garwa, ajin da daga shi yaro ke wucewa sakandare. Duk ƙarshen shekara iyaye kan zo su zauna a kan bencin 'ya'yansu, gwiwoyinsu na dungurin tebur, su tambaye ni inda ya kamata su kai yaran. Hanya biyu ce a gabansu. Akwai lise, inda ake karatun littafi har a kai jami'a. Akwai kuma teknik, inda ake koyon sana'a, su gini da kafinta da ɗinki da gyaran mota da aikin wutar lantarki. Amsata ba ta canzawa. Yaron da kansa ke ja, in ce a kai shi lise. Wanda na ga yana jan ƙafa, sai in sassauta murya in ce wa ubansa, "Malam, a gwada teknik, ko Allah zai sa ya samu abin riƙewa a hannu." Ban taɓa faɗa a fili ba, amma duk wanda ke ɗakin ya san nufina. A wurina teknik wurin zuba ragowa ce.

A gida na tashi da wannan ra'ayi. Kakanninmu fatake ne daga Kano, goro da tufa suka kawo su Garwa, suka zauna. Mahaifina yana da rumfa a babbar kasuwa, kuma ya sha wulaƙanci a ofisoshi saboda ba ya jin Faransanci. Kowace takarda aka miƙo masa sai ya nemi mai karanta masa. Wannan haushin ne ya sa ya kai ni lekol, wato makarantar boko, a lokacin da ba a cika kai 'yan mata ba. Ya ce yana so kafin ya mutu ya ga jininsa a bayan tebur, riƙe da biro. Tun daga nan na ɗauka mai ilimi shi ne wanda ke dawowa gida da rigarsa fes kamar yadda ya fita.

'Ya'yana uku. Babban namiji ne, ya yi karatun shari'a a jami'a a Ngaundere, ya dawo da takardarsa. Sau uku yana rubuta konkur, jarrabawar shiga aikin gwamnati, bai samu ba, daga ƙarshe ya koma shagon babansa yana auna yadi. Ta biyu ta yi aure tana Marwa. Ta ukun ita ce autata, kuma ita ce ta fi su duka kai. Lissafi a wurinta kamar shan ruwa ne. Tun tana ƙarama ba a ajiye tocila ko rediyo kusa da ita, sai ta kwance ta ga abin da ke ciki. Ni ina ganin haka ina cewa hannun likita ne, mai yin fiɗa.

Bayan ta gama shekara huɗu a lise, wata ranar Alhamis ina tsince shinkafa a tsakar gida, ta zo ta tsuguna a gabana.

"Inna, na ci konkur ɗin teknik. Sashen wutar lantarki."

"Wa ya ce ki rubuta?"

"Baba ne ya sa hannu a takardar."

Na ajiye tiren na shiga wurin maigidana. Yana zaune yana cin gyaɗa, kamar ya san ina tafe.

"Alhaji, yarinyar da ke zuwa ta ɗaya za ka kai ta koyi jan waya?"

Ya ce, "Ba ni na kai ta ba, ita ta zaɓa, ni na sa hannu. Ke malama ce, kin fi ni sanin takarda. Ni kuma a kasuwa nake wuni, ina ganin masu zuwa neman aiki da jakar takardu a hammata. Ga ɗanki can a shago. Ranar da ya fara, ko yadi biyar bai iya yankawa a miƙe ba. Ba laifinsa ba ne, ba a koya masa ba. Amma in fanka ta tsaya a kasuwa, sai mu yi kwana biyu muna roƙon mai gyara."

"To ai namiji ne mai gyaran."

"Wutar ba ta tambaya," in ji shi, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Na yi kwanaki ina fushi, ban ci nasara ba. Ta fara zuwa teknik, aka ba ta shuɗiyar rigar aiki mai haɗe da wando. Ni nake haɗa wankin gida, don haka ni nake zaɓar inda za a shanya kowane kaya. Rigar nan ban taɓa shanya ta a igiyar tsakar gida ba, inda mai shigowa zai gani. A bayan madafa nake rataye ta, kusa da itace. In abokan aikina suka tambaye ni labarinta, sai in ce tana ɓangaren kimiyya. Na riƙa gaya wa kaina ba ƙarya na yi ba, tunda wuta ma kimiyya ce. Ita kuwa ba ta lura ba, ko ta lura ba ta nuna ba. Da yamma takan zauna kusa da ni ta yi ta ba ni labari, yadda su uku ne kawai mata a ajinsu, yadda malaminsu ya ɗaga allon da ta haɗa ya nuna wa maza. Ina cewa "to" da "madalla", hankalina na wani wuri.

A shekararta ta biyu ta samu wani dattijo mai gyaran wuta a unguwarmu ta Pumpumre, tana bin sa aiki ranar Asabar don hannunta ya faɗa. Babanta ne ya shirya musu.

Wata Asabar a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Garwa ke sa mutum ya ji kamar an kifa masa tukunya, aka gayyace ni suna. Jikar tsohuwar shugabar makarantarmu ce aka haifa. Wannan mata ita ta karɓe ni ranar da na fara aiki, ita ta koya mini tsayuwa a gaban aji. Bafulatana ce, doguwa, ba ta da yawan magana, dukanmu Adda muke ce mata. Gidan ɗanta yana wata unguwa can nesa da tamu, babban gida mai baranda. Yawancin matan da suka zo ban san su ba, matan manyan ma'aikata ne, ana ta cakuɗa Fulatanci da Faransanci, ƙamshin turare ya cika wurin.

Aka shimfiɗa mana darduma a baranda. Hira ta kai kan 'ya'ya, kamar yadda ta saba kaiwa. Wannan ta ce nata yana Yawunde yana karatun aikin banki, waccan ta ce tata ta shiga makarantar horar da alƙalai. Wata mata mai awarwaron zinariya har gwiwar hannu ta juyo ta tambaye ni nawa. Na ce babban ya gama shari'a. Ban ce yana shago ba. Na ce autar tana kimiyya.

"Likita ke nan," in ji matar.

Na ce, "Haka muke fata."

Ba a yi minti goma ba sai fankoki suka tsaya. Aka ji ƙaurin roba. Aka leƙa maƙwabta aka ga su da wutarsu, ashe matsalar a cikin gidan take. Ga jaririya na kuka saboda zafi, ga zoɓo da ƙanƙara cike da firiza, ga baƙi na ta shigowa. Maigidan ya buga waya, aka ce mai gyara na zuwa. Muka ɗauki mafitai muna jira.

Na ji tsayuwar moto, wato babur, a ƙofar gida. Da na ɗaga kai, sai na ga autata ta shigo, cikin shuɗiyar rigar nan, ta cusa ƙasan hijabinta a wuyan rigar, jakar kayan aiki a kafaɗa. Daga baya na ji cewa dattijon yana wani aiki a ƙetaren kogi, shi ya sa ya turo ta. Ta yi sallama. Idonta ya faɗa a kaina, fuskarta ta washe, har ta ɗan ɗaga hannu. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara ɗaurin zanina.

Akwatin wutar yana jikin bangon barandar, bai fi taku huɗu daga inda muke zaune ba. Aka kawo mata kujera ta hau. Ta kashe babban makunni, ta buɗe murfin, ta fara aiki. Mata suka yi shiru suna kallonta. Sai mai awarwaron ta ce da Hausa, da muryar da ba ta damu a ji ta ba, "Ikon Allah. Budurwa kamar wannan a kan kujera tana taɓa waya. Ko iyayenta ba su da rai ne? Da sun bar ta ta yi karatu." Ta juyo gare ni. "Na ga kamar ta san ki. 'Yar waye?"

Ina iya tuna komai na wannan lokacin. Gumi na bin bayana. Akwai ƙuda a bakin kofin da ke gabana. Ina da lokacin da zan yi tunani, ba a firgice na amsa ba. Na ce, "Na san ta. 'Yar unguwarmu ce."

Hannun yarinyar ya tsaya a cikin akwatin. Ba ta juyo ba. Bayan ɗan lokaci ta ci gaba. Ta ciro wata waya da ta ƙone ta yi baƙi, ta yanke, ta fere sabuwa, ta ɗaure. Ta kira maigidan ta yi masa bayani da Faransanci a natse, cewa an ɗora firiza biyu da tukunyar dafa ruwa a kan layi ɗaya, wayar kuma siririya ce, in ba a raba su ba za ta sake ƙonewa, wataƙila da gobara. Ya tsaya yana gyaɗa kai kamar ɗalibi. Ta ɗaga makunnin, fankoki suka juya, mata suka yi ta sa mata albarka.

Ta sauko ta tattara kayanta. Sannan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana gaisarwa, kamar yadda na koya mata tun tana ƙarama. Ta durƙusa wa Adda. Ta gaida mai awarwaron. Da ta iso gabana ta rusuna ta ce, "Ina wuni, Madam."

Haka ɗalibaina suke kirana. Na ce, "Lafiya lau." Ta fita. Aka kawo shinkafa da nama, na sa hannu a kwano na kasa kai loma baki.

Na ja lokaci a gidan sunan har rana ta yi sanyi, don ban san da wace fuska zan shiga gidana ba. Na tarar da autata a madafa tana tuƙa tuwo, ta riga ta yi wanka ta sauya kaya. Na tsaya a bakin ƙofa. Maimakon in ba ta haƙuri, sai na nemi mafaka.

"Kin san al'adarmu. Uwa ba ta nuna 'yarta a cikin taro, kara ce."

Ba ta bar tuƙin ba. Ta ce, "'Yar fari ake yi wa wannan karar, Inna. Ni auta ce. A bikin Yaya a Marwa, shekarar da na zo ta ɗaya, kin riƙe hannuna kina zagawa da ni kina cewa ga autarki."

Ta kwashe tuwon ta kai wa babanta nasa, ta kawo mini nawa har ɗaki.

Ba ta yi mini rashin kunya ba ko sau ɗaya bayan wannan. Tana gaishe ni da safe, tana yin aikenta. Abin da ya canza shi ne labarin yamma ya ƙare. In na tambaye ta makaranta, sai ta ce lafiya. Ta kuma daina sa rigar aikinta a cikin wankin gida, ita take wanke abinta. Ba ta gaya wa babanta ba. Shi da kansa ya lura gidan ya yi sanyi, ya tambaye ni. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa masa. Ya ce, "Ba ni ya kamata ki gaya wa ba." Ya sa takalminsa ya tafi masallaci.

Na fi wata biyu ina ɗauke da abin. Na ga kamar zai fi mini sauƙi in fara gyara ƙaryar a inda na yi ta, don haka wata Laraba bayan an tashi daga makaranta na hau moto na tafi gidan Adda. Na same ta a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya tana karatun Alƙur'ani. Muka gaisa, ta sa aka kawo mini ruwa. Na ce, "Adda, na zo in faɗa miki wata magana. Yarinyar da ta gyara wuta ranar suna, 'yata ce."

Ta cire tabarau ta ninke. "Na sani."

"Kin sani?"

"Tun da ta shigo. Tafiyarku ɗaya, goshinku ɗaya. Ni na yi miki barka ranar da aka haife ta, kin manta? Ba ni kaɗai ba ma. Bayan kin tafi, wadda ta tambaye ki ta ce da ni, ai wannan yarinya da malamar nan kamar an tsaga kara. Na ce mata ta bar zancen."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Ashe ban ɓoye komai ba. Abin da matan nan suka tafi da shi gidajensu shi ne sun ga uwa ta ƙi 'yarta a gaban mutane.

Na ce, "Me ya sa ba ki yi magana ba a lokacin?"

"In na yi magana na ƙara wa yarinyar ciwo. Ta riga ta rufa miki asiri da ta ce miki Madam, ni kuma sai in tone?" Sannan ta ce, "Ni ma ina da nawa laifin. Ni na koya miki yadda ake raba yara a ƙarshen shekara. Amma gaya mini, kin taɓa shiga teknik ɗin nan da ƙafarki?"

Ban taɓa ba. Shekara ashirin ina tura 'ya'yan mutane can, ban san kalar ƙofarta daga ciki ba.

Na je a makon da ya biyo. Na ce wa mai gadi ni malama ce, ina so in ga sashen wuta. Wani malami ya zaga da ni. Na ga babban ɗaki mai rufin kwano, zafi kamar tanda, alluna jere a bango an ja musu wayoyi. Kayan aiki ba su isa ba, yara biyar ko shida ke taruwa a kan abin awo ɗaya suna jiran juna. A baƙin allo kuma akwai lissafin da aka bari ba a goge ba. Na tsaya ina dubawa, ni da nake koyar da lissafi, ban wuce layi na biyu ba. Na ga wasu tsofaffin ɗalibaina biyu, cikin waɗanda na sassauta murya na ce a gwada musu teknik. Suka taso da murna suna gaishe ni, ɗaya har yana gode mini. Godiyar nan ta fi zagi zafi. 'Yata tana can ƙarshen ɗakin ta ba ni baya, tana nuna wa wata yarinya yadda ake riƙe abin fere waya. Na roƙi malamin kada ya kira ta, na fita.

Da yammar ranar na same ta tana guga a ɗakinta. Na zauna a bakin katifa, abin da ban saba yi ba.

"Na je makarantarku yau."

"An gaya mini."

"Abin da na yi ranar suna, ba kara ba ce. Kunyar rigarki na ji. Na yi ƙarya tun kafin ki shigo, da kika shigo kuma na zaɓi ƙaryar na bar ki. Ki yafe mini."

Ta ajiye dutsen gugar a tsaye. Sannan ta ce, "Da na gan ki a barandar nan murna na yi. Na ce yau Inna za ta ga aikina da idonta." Ta ɗago ta dube ni. "Na yafe, Inna. Allah ya yafe mana duka."

Ta ɗauki dutsen ta ci gaba da guga. Na so ta yi kuka ko ta yi faɗa, da na fi samun sauƙi. Na zauna har ta gama, ta ninke kayan, na tashi.

Na yi shekara uku ina koyarwa bayan haka kafin in yi ritaya. Na daina raba yara yadda na saba. In uba ya tambaye ni, sai in kira yaron in tambaye shi a gabansa, in kuma ce su je su ga makarantun biyu kafin su yanke shawara. Wasu iyayen ba su ji daɗi ba, sun fi son malama ta faɗa musu kawai. Waɗanda na riga na raba a shekarun baya kuwa, ba ni da hanyar da zan bi in same su. Wasu masu kai da na tura lise, wataƙila hannunsu ne ya fi, ina ganinsu yanzu a bakin titi a kan moto suna jiran fasinja, sai in amsa gaisuwarsu da sauri in wuce.

Autata ta gama da sakamako mai kyau. Wani ƙaramin kamfani mai kafa famfunan ruwa masu aiki da hasken rana ya ɗauke ta, yanzu tana Mokolo, tana yawo ƙauyukan kan duwatsu. Wani lokaci a tura ta har Cholire ta yi mako guda. Yayanta ma, da ya ga haka, ya shiga koyon gyaran firiza da na'urar sanyaya ɗaki da yamma bayan ya rufe shago. Ranar da ya gaya mini, na ji tsohon abin nan ya motsa a ƙirjina, na danne shi na ce Allah ya sa albarka.

Takan kira ni kowace Juma'a bayan sallah. Ina tambayarta aikin, da gaske nake tambaya. Na san yanzu dalilin da ya sa ake karkata faifan sola, na san ƙura na rage masa ƙarfi. Makon jiya ta ba ni labarin wani ƙauye da mata ke saukowa daga dutse tun asuba neman ruwa, yadda suka tsaya shiru suna kallon bakin famfo har ruwan ya fito. Na ce ta gaya mini yadda aka haɗa shi tun daga farko. Ta ɗan yi jim, kamar yadda take yi har yanzu duk lokacin da na tambayi irin wannan, tana auna ko da gaske nake son ji. Sannan ta fara bayani.